Furannin Haya a Walimar Rukayya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, da Allah ya karɓi abinsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan makwancinki da haske da sanyi. Da hannuna nake rubuta miki wannan. Kin bar ni ina dangwala yatsa, sai da yara suka girma na shiga ajin manya a nan Damba. Za a sa takardar a waya mutane su karanta, to masu karatu a yi mini afuwa inda magana ta karkace.

Jikarki Rukayya ta yi aure, Inna. Yaron mutumin 'Yankuzo ne ta wajen Tsafe, malamin makaranta, ba shi da hayaniya. An ɗaura lafiya, an kai amarya lafiya. Abin da ya kusa kwantar da ni fure ne.

Ke kin aurar da ni da lalle da turare da sabuwar tabarma, kowa ya ce biki ya yi kyau. Yanzu yarinya ta ce walimarta sai an ƙawata wuri da furanni. Na kai maganar wurin Malam, babanta, ya ce shi gado da katifa ya sani, fure kuwa tsakanina da 'yata. Sai na ware abin da ya rage na adashina, na ƙulle a bakin zane, muka tafi wurin wata mai kwalliyar wuraren biki a cikin Gusau, ana ce mata Anti Murja.

Kafin mu gama gaisawa ta tambaye ni nawa na tanada. Da na faɗa, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ruwa ta sa aka kawo mini. Sannan ta yi bayani cewa ɗanyen fure daga Jos ake ɗauko shi a mota, kuma kwana biyu ya yi yaushi. Na tambaye ta ko bayan biki ana miya da shi, ko a ba akuya. Ta ce a'a, zubarwa ake yi. Inna, na ga kuɗina a kan juji tun ban ba da su ba.

Na taya kamar ina sayen tumatir, har na miƙe na yi kamar zan tafi. Ba ta kira ni ba, na dawo da kaina. A ƙarshe ita ta kawo dabara. Ɗanyen fure kaɗan za a saya, na hannun amarya da na gefen kujerarta inda mai hoto zai tsaya. Sauran teburori a sa musu na roba a cikin 'yan tuluna farare, amma haya ne, washegari a mayar mata. Ta maimaita mini kalmar haya, ni ma na maimaita mata. Abin da ban yi ba shi ne in faɗa wa dangi.

Ranar walima wuri ya yi kyau har na ji kunyar tsohon takalmina. Danginmu na Nahuce suka cika mota, surukai daga 'Yankuzo su ma haka. Kin san al'adarmu, ba a barin mace ta bar gidan biki hannu wofi, don haka na jera robobi da mafitai a kan kowane tebur. Da aka zo tashi, sanƙira ta ɗauki lasifika ta ce uwar amarya na godiya, duk abin da ke kan tebur na baƙi ne, kowa ta ɗauki rabonta.

Ina can ciki ina lallashin amarya. Da na fito, teburori tas. Ba fure, ba tulu. Mayafan teburin ma Allah ne ya tsare, an ɗaure su da igiya.

Anti Murja ta zo kwasar kayanta, ta tsaya tana kallon wurin. Tana da wani biki Asabar mai zuwa. Ko furanninta su dawo, ko in biya a sayo sababbi daga Kano, ni kuwa bakin zanena ba komai. Kuma ke kika koya mini cewa abin da aka ba baƙo ya tafi ke nan. Ta yaya zan bi mata gida gida ina cewa a dawo da kyauta? Malam ya ce shi bai ma lura an sa fure ba.

Anti Murja ce dai ta sake fid da ni. Ta ce ai ban je ban gajiya ba tukuna, mu ƙulla cincin da dubulan da suka rage, ta raka ni a matsayin ƙawata. Ni in yi godiya, ita ta yi maganar fure.

Muka fara da maƙwabta. Wata ta ɗora nata a kan talabijin, wata ta zuba tsinken sakace a tulun, wata kuma yaranta sun riga sun ɗaure furen a kan keke. Ni ina sunkuye ina godiya, Anti Murja na yabon ɗakin mutane har ta iso kan kayanta. Kowa ta bayar, amma na sha tsiya. Har yau idan na wuce sai a tambaye ni ko robar ma za a dawo da ita.

Gidan surukai na ce ko za a yanka ni ba zan je ba. Ashe labari ya riga ya isa 'Yankuzo. Uwar ango ta aiko da buhu a motar haya, da gaisuwa mai yawa, da daddawa. Da muka zazzage, furannin sun fi waɗanda aka ɗauka, don matar kirki ta bi ɗakuna ta kwashe duk wani fure na roba da ke gidan. Akwai wani ja da ya koɗe, Anti Murja ta ce wannan ya girme ta. Yana ɗakina yanzu. In mayar, kar su ce raini. In riƙe, kar su ce na cinye.

Nahuce muka bari ƙarshe. Mun tara na kowa, saura na ƙanwarki Inna Hajo, kuma ita ta ɗauki babban, na teburin manya. Ta tsufa, Inna, idonta ya yi rauni. Mun same ta zaune a bakin gado, furen na kusa da matashinta, ga kaskon turare a ƙarƙashinsa yana hayaƙi. Ta kama hannuna ta ce:

"Dije, wanga hure na birni ba shi da ƙamshi, sai da na turara shi. Amma tunda nike ba a taɓa ba ni hure ba. Da yayata na raye da mun raba."

Muryarki ce sak. Na juya ina jiran Anti Murja ta fara yabon ɗaki kamar yadda ta saba, sai na ji ta mintsine ni a cinya. Ta ce wa tsohuwa ai furen ya dace da ɗakin, kuma ta riƙa nisanta shi da garwashi kada ya narke. A mota ta ce mini a bar zancen wannan, amma in sani ni zan soya mata cincin na bikin Asabar, kuma kada in kuskura in zo da sanƙira.

Na soya, Inna. Ƙugu na ciwo, amma ban ci bashin kowa ba, kuma ban karɓe wa ƙanwarki abinta ba. Na yi kewarki a bikin nan ƙwarai. Da kina nan da kin yi mini faɗa tun a ranar farko, sannan ki fi kowa dariya.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Rukayya zaman lafiya a ɗakinta, ya ƙara wa Inna Hajo lafiya, ya buɗa wa Anti Murja kasuwa. Amin.

Taki har kullum,
Dije, uwar amarya.