Ranar da Atamfar Alhaji Kyari Ta Zuba

Kwaciri, Kano

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, ƙanwarki ta ɗebo ruwan dafa kanta. Tun da na dawo daga kwas na daina sa 'yan aji huɗu haddar kimiyya kamar aku. Yanzu a makarantarmu ta Sabon Gari taɓawa suke, su gwada, su faɗi abin da idonsu ya gani. Makon jiya na ce kowa ya kawo ƙyalle, mu jiƙa a roba mu ga launin da ke zuba. Afra, wadda a da ko muryarta ba a ji, ta kawo na shagon babanta, Alhaji Kyari, mai atamfa a Fagge. Ruwan ya yi ja wur. Ranar Asabar baiwar Allah ta je shago, ta tarar yana rantse wa wata Hajiya cewa atamfar ba ta zuba, sai Afra ta ce ita ta gwada, tana zuba.

Alhaji ya zo makaranta a fusace, ya ce tsaurin ido nake koyarwa, ya cire 'yarsa. Madam Chinenye, shugabarmu, ta kulle robobin a ofis. Ban ga laifinsa sosai ba, da maganar dilansa yake rantsuwa. Amma duk lokacin da na dubi kujerar Afra sai zuciyata ta karye. Ki sa ni a addu'a, kuma kada ki yi dariya.

Ƙanwarki,
Ni'ima

Kwaciri, Kano

Yaya Kubura,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa.

Afra ta dawo. Mahaifiyarta ta raɗa mini cewa Alhaji da kansa ya jiƙa ƙyallen a bayan shago, ya ga ruwan bokiti ya yi ja, washegari ya mayar wa dila kayansa. Jiya ya kawo ta a adaidaita sahu. Haƙuri dai bai ba ni ba, ni ma ban sa rai ba. Ya sauke buhun ƙyallaye gaban Madam, ya ce a buɗe wa yara robobinsu su gwada duka, amma don Allah a riƙa gaya masa sakamako kafin masu saye su ji.

A gaishe da kowa.

Taki har kullum,
Ni'ima