Muryar Inna tana cikin ordinatar

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya Malam da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Dakoro muna lafiya, haka dai.

Kin ce in turo maki bidiyon Inna, wanda take daka tana yi maki tsiya. Yana cikin ordinatar ɗin aikina, kwamfutar nan. Da na kunna ta sai ta nemi mizajur, wai za ta sabunta kanta, na danna mata. Masu gaisuwa suka yi sallama, na aza ta bisa katifa na lulluɓe ta da zane. Kin san gidanmu, ko rediyo ba a bari a buɗe. Ashe ita iska take so. Na dawo na iske ta da zafi kamar murhu, rubutun da ke fuskarta ya tsaya cak.

Na kira Isuhu mai gyaran waya. Ya cire zanen, ya kunna mata fanka, muka zauna. Ko motsi. Ya ce a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a sake kunnawa. Wataƙila ta tashi da komai, wataƙila ta tashi wayam.

Ban ji komai a raina ba, Yaya. Tun ranar jana'iza haka nake, ina ci, ina shara.

Ordinatar tana nan jone da wuta. Ni na rufe wa Inna ido, wannan maɓallin kuwa na kasa. Ki ce in danna ko in bari.

Ki gaida Malam, ku sa mu addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi