Jar Motar da Sunusi Ya Shiga a Tokyo

Tokyo

Zuwa ga Yaya Ummu Hani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da ƙanenmu Dikko. Kwas ɗin noman shinkafar da aka turo mu yana tafiya daidai.

Kin tambayi yadda nake yawon buɗe ido a garin da ko ruwan gora sai ka yi shawara da aljihu. Yaya, da ƙafa nake yi. Ranar hutu sai in ɗaure takalmi in kama hanya, jirgin ƙasa kuwa daga nesa muke gaisawa. Akwai wani dogon benen gwamnati da ake hawa kyauta, ka ga gari har inda ido ya gaji. Lambuna da tsoffin wuraren bautarsu ma da yawa ba a biyan komai. Abinci sai kanti ya kusa rufewa, an karya farashin shinkafa da kifi, sannan ƙanenki ya bayyana.

Jar motar da kika gan ni a ciki a hoto ta shagon sayar da motoci ce. Kowa na iya shiga ya zauna, har sunkuya maka suke yi. Na tura wa Dikko hotunan don ya ji daɗi.

A gaida Inna. Ƙanenki, Sunusi

Badariya, Birnin Kebbi

Sunusi,

Na gaishe ka. Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Dikko na asibiti nan Birni. Hotunanka ya riƙa bin teburan masu shayi na Argungu da su, shina faɗin yayanai ya sayi mota a Japan. Na karanta mai wasiƙarka, na ce rufe bakinka, ɗan'uwanka da ƙafa shika yawo. Dariya yay yi min.

Ran Laraba shina dawowa daga Augie da buhun albasa bisa babur, mutum uku sunka ja igiya a hanya sunka kifar da shi. Sunka ce ya kira ka, ka turo kuɗin mota. Ya ƙiya. Sunka zubar mai da haƙora da gora, sunka aza hannunai na dama bisa dutse sunka sara da adda. Obed, direban da ke ɗauko muna shinkafa, shi ya tsince shi cikin jini, albasa warwatse har tsakiyar titi.

Ka san mi ke ci na? Da ya ce musu ba ka da ko taya, ƙila da babur kawai za su ɗauka su tafi. Kafin a shiga da shi tiyata, da wannan fasasshen bakin, yac ce min: "Yaya, ban kunyata shi ba."

Haushinka nika ji, haushinai nika ji. Yayarka, Ummu Hani

Tokyo

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ki, amma ban san da wace fuska ba.

Na goge hotunan duka, daga wayata da ko'ina. Ga wani na turo, na takalmina ne da ya tsage a dunduniya. Don Allah a zaga da shi wurin masu shayin, kowa ya ga mai motar. Yau na taka har gindin dogon benen nan na kasa hawa. Zan ajiye kwas ɗin in dawo.

Me likita ya ce a kan hannun? Kada ki ɓoye min.

Allah ya ba shi lafiya. Sunusi

Argungu

Sunusi, barka da ƙoƙari.

Ban kai hoton takalminka ko'ina ba, wa zai amfana? An kama ɗaya cikin ɓarayin. Tamba ne, wanda Dikko ke saya wa shayi, shi ne ya fi kowa cewa a ƙara nuna mai motar. Na zo ɗaukar wa Inna kaya, na iske kasuwa ta rufe shi, an gane fitilar babur ɗin a hannunai. Masu albasa da sanduna, mahauta da abin da sunka samu. Shina kuka shina kiran uwatai. Ni ma na ɗauki dutse, Sunusi, na jefa, ya same shi a baki. Na zaci zan ji sanyi, ban ji komi ba. 'Yan sanda sun tafi da shi shina numfashi.

Hannun ya fara baƙi. Likita ya ce gobe za su yanke shawara.

Kada ka kuskura ka dawo. Yaron nan ya ba da haƙoranai don a ce kai wani ne, to zauna ka zama.

Inna na sa maka albarka. Ummu Hani

Badariya

Ƙanena,

An cire hannun daga gwiwa. Ya farka, ya sha kunu.

Ɓarayin sun tafi da wayarshi, don haka yac ce ka sake turo mai hoton jar motar ta wayata. Na tuna mai ba taka ba ce. Yac ce ya sani, dariyar da kake yi a ciki shika son gani.

Shina jira.

Yayarka