Kafin Ku Rushe Tsohon Ɗakin Man Kaɗe

Zuwa ga mai girma Manajan masana'antar man kaɗe ta unguwarmu, Tamale.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da ma'aikata. Ni ce Memunatu ta Tishigu, wadda ta yi ƙuruciyarta tana suyar ƙwarar kaɗanya a tsohon ɗakin da kuka ce za ku rushe bayan salla. 'Yata Azara tana aiki a sabon gininku.

Na farko. Azara ta kawo mini takardar da injiniyoyinku suka rubuta, na karanta ta da kaina, domin na yi sakandare. Sun ce sabon gini ya rage cin lantarki. Na nemi abin da aka gwada shi da shi, sai na ga wani gini ne da suka zana a kwamfuta, mai na'urar sanyaya ɗaki a kowace kusurwa. Ranka ya daɗe, yaushe muka taɓa samun irin wannan na'ura a nan? Kun ƙirƙiro mai ɓarna, kun tsaya kusa da shi, kun ce ku masu tattali ne. Da ɗana ne ya kawo mini irin wannan lissafi, da ya sha faɗa.

Na biyu. Abin da ya kamata ku gwada da shi, wato tsohon ɗakin, yana bayan gininku, ba wanda ya leƙa. Maginin da ya yi shi ya ɗaga rufin sama sosai, ya bar ramuka a jere ƙarƙashin kwano, ya juya ƙofofin inda iska ke fitowa. Murhu a waje yake, ƙarƙashin darbejiya. Idan zafin bazara ya tsananta, mukan jiƙa buhunan algarara mu rataya a tagogi. Mu talatin muna kirɓa mai, muna waƙa, jarirai na barci a tabarma. Man da muka zuba da la'asar, da safe ya daskare da kansa. Fitila biyu ce duk lantarkinmu. Har yau idan na wuce ta wurin, ƙamshin na nan a bango.

Na uku. Sabon ginin kwano ne sama da ƙasa, tukwane kuma a ciki. Injiniyoyin sun zo awon zafi ranar Juma'a, ranar da ba a hura wuta. Kowace mace a wurin ta san haka, ba wanda ya tambaye ta. Makon jiya Azara ta yanke jiki ta faɗi a gaban tukunya, fanka huɗu na juyawa a kanta.

Roƙona shi ne ku dakatar da rushewar. Ku dawo da masu awon ranar Talata da azahar, wuta na ci, su auna ɗakunan biyu, su rubuta abin da suka gani. Ku kira mu tsofaffi mu nuna musu inda ake rataya buhu. Idan sabon ya fi sanyi, ni da hannuna zan cire tubalin farko. Idan kuwa kuka rushe ba ku auna ba, to ku sani shaida kuka binne, kuma Allah na gani.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, ya sa ka ji.

Wassalam.

Hajiya Memunatu, Tishigu.