Butar da na koya wa magana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina.

A da, in ka yi marmarin garinmu da ke kusa da Dauran, mota kake shiga ka je ka wuni ka dawo. Yanzu hanyar ba ta biyuwa. Mun watse, wasu a Kaura Namoda, wasu a Shinkafi, wasu sun tsallaka Nijar. Ni tsoho ne, na yi aikin wayar tarho a Agadas da Kartum da Jidda, ina jin Faransanci da Larabci da Fillanci. A can na koyi wani wasa na intanet wanda babu hoto a cikinsa, rubutu ne zalla. Mutanen can fadoji da dodanni suke ginawa da shi, ni kuwa da na dawo gida sai na gina garinmu a cikinsa: rijiya, masallaci, gindin tsamiya, kowa da ƙofar gidansa. Kowane abu da umarninsa. In ka rubuta "ja guga" a bakin rijiya, sai ta amsa maka cewa ruwa ya fito da sanyinsa. Dokar da na kafa, kuma kowa ya san ta, ita ce wanda ya ajiye abu shi kaɗai ke iya rubuta abin da zai faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa cewa ni mai ginin ina iya buɗe kayan kowa ba.

Ina da amini tun na yarinta, tsohon malamin firamare, yanzu ni da shi muna zaune a Kaura. Ɗansa ne ya koya masa wasan, ya ajiye masa buta a ƙofar gidansu na cikin wasan. In Malam ya rubuta "ɗauki buta" sai ta ce, "A yi alwala lafiya, Baba." Da daminar nan yaron ya bi hanyar Zurmi, 'yan bindiga suka tare su. Waɗanda aka sako daga daji sun shaida cewa a gabansu ya cika. Aka yi addu'a, matar yaron ta shiga takaba. Ni kuma kullum ina ganin Malam ya shigo wasan ya ɗauki butar, ya ajiye, ya sake ɗauka, tana ta maimaita masa magana ɗaya. Tausayi ya kama ni, na buɗe butar na ƙara layi guda: "Na cika maka ita, Baba, kada ka damu." Me nake tunani? Ni da na kafa dokar, ya aka yi na manta da ita?

Washegari da hantsi ya faɗo zaurena ko takalmi bai cire ba. Ya ce, "Kai ɗan yawon duniya, aje shayin ga ka duba! Wa ka iya canza maganar buta?" Na ce, "Mai ita." Ya ce, "Awo! To ɗana shina da rai, ya samu waya can inda shike." Na buɗe baki zan faɗa, sai ya rungume ni yana kuka yana dariya, yana cewa, "Ashe wasan banzan ga naka shina da rana." Na bar shi ya tafi da wannan zaton. Wallahi ban gaya masa ni ne na rubuta ba.

Ranar ya hana a ƙara yi masa ta'aziyya, ya sa surukarsa ta fita takaba. Ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, kai ka san abin nan. Shi ne da gaske? Ni matar aure ce ko mai takaba?" Na kalli ƙasa na ce Allah ne masani. Da kwanaki suka wuce butar ba ta faɗi sabon abu ba, Malam ya daina cin abinci, ga shi da hawan jini. Sai na ƙara wani layin. Bayansa na ƙara wani. Yanzu har na iya yadda yaron ke tsokanar ubansa, kuma kunya ba ta barina in kalli fuskar yarinyar.

In na daina rubutawa, yunwa da jira za su kwantar da shi. In na ci gaba, na ɗaure baiwar Allah da auren wanda ba ya duniya. Mutumin da ban taɓa yi wa ƙarya ba, yau ba na wuni ban yi masa ba, kuma ko gobe na faɗi gaskiya, ɗansa zai mutu masa sau biyu, na biyun a hannuna.

Ku dubi girman Allah ku gaya mini, ni yanzu me zan yi?