Kwana Uku Babu Sunan Wanda Ya Rasu

Litinin, 6 ga Maris
Ghali ya kira. Wata biyar ke nan ɗana yana ƙasar waje, ana horar da su tuƙin jirgi mai saukar ungulu tare da sojojin Chadi da Kamaru, kafin a tura su yaƙin Tafkin Chadi. Ɗakinsu ɗaya da Ɗahiru, ɗan Malam Hamidu na Burumburum. Matata Kulsumu, uwar Ghali, abinci kawai ta tambaya.

Alhamis, 16 ga Maris
Rediyo, labaran rana: jirgin horo ya faɗi a sansaninsu. Mutum uku sun rasu, ɗaya ɗan Nijeriya. Babu suna. Na san ƙa'idar, soja ba sa fitar da suna sai sun sanar da iyaye. Wayar Ghali a kashe.

Juma'a, 17 ga Maris
Kulsumu ta share ƙofar gida sau biyu. Ko wace mota ta shigo garinmu Kiru sai ta leƙa.

Asabar, 18 ga Maris
Mudi, wanda ya gaji kujerata a jarida, ya kira yana neman sunan mamacin. "Oga, ai kai ka koya mana, labari babu suna rabin labari ne." Haka ne. Shekara talatin ina bin ma'aikatan asibiti su ba ni suna kafin sauran jaridu. Ban taɓa tambaya ko iyayen sun ji ba.

Lahadi, 19 ga Maris
Ghali ne, da hantsi. An karɓe musu wayoyi tun ranar. Lafiyarsa ƙalau.
"Baba, Ɗahiru ne. Kada ka faɗa wa kowa, sai jibi hafsoshi za su isa gidansu."
Kulsumu ta yi sujada. Ni ma na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Litinin, 20 ga Maris
Malam Hamidu ya zo da kansa a kan acaɓa. "Malam, kai ka san manya, ka ji wani abu?" Na ba shi ruwa. Na ce mu ci gaba da addu'a. Ya daɗe yana kallon tabarma.

Talata, 21 ga Maris
Mudi ya sake kira da safe, wai an ce Ghali ya yi magana. Na ce ban san komai ba. Ya gane ƙarya nake, bai ja ba.
Hafsoshin sun isa bayan azahar. Na riga su zuwa Burumburum, na zauna a masallacin unguwar, don kada ya zama babu fuskar da Malam Hamidu ya sani idan sun fara magana.