Tushen Rawash ɗin Mahaifiyata

Zarghuna,

Mutanen layinmu suna cewa babanki ko sanda ya dasa sai ta yi ganye. To, jiya kina wurin aiki ya haƙe tushen rawash, tsiron nan mai kara mai tsami, wanda na ɗauko daga gonar mahaifiyata, wai zai sa albasa a wurin. Ya ga babu ganye, ya ɗauka ya mutu. Kowane lokacin sanyi haka yake kwanciya, amma babanki ɗan birni ne, a baron masu talla kawai ya san rawash.

Shekara uku ban tsinki kara ɗaya ba. Bana ne na yi niyyar kewaye shi da duwatsu don karan ya fito fari mai taushi, ki ɗanɗani irin wanda muka ci muna yara. Da na yi magana sai ya ce, "Maman Zarghuna, a kan wannan guntun icen kike kuka?" Na tsince gutsattsarin tushen na bar wurin.

Innarki Shahgul ce kaɗai ke da sauran irin. Mun daɗe ba ma magana, amma zan bi motar farko zuwa garin Paghman in roƙe ta ta yanko mini tushe kafin nata ya toho.

Gutsattsarin suna cikin bokiti a bayan tanderu. Ɗaya yana da jan idon toho. Ki rufe shi da yashi mai danshi, kuma kada babanki ya taimaka.

Ina cikin rubutun nan ya zo ya tsaya a kaina. Ban ɗago ba, raina bai huce ba. Ya ce, "Da na sani, da na tambaye ki tukuna. Ki yi haƙuri."